Jami'a da malaman kimiyya na Damagaram: ta ina ya kamata a fara?

Malamin PC, Birni:
Assalamu alaikum, malamai abokan aiki. Tun shekarar 2010 Damagaram take da jami'arta, wadda a yau take ɗauke da sunan André Salifou, kuma a cikinta akwai masana lissafi da sinadarai da ilimin ƙasa da duwatsu, mutanen da muke gamuwa da su a masallaci da wurin suna da jana'iza. Tambayar da nake so mu tattauna a tsanake ita ce, wace hanya ce ta fi dacewa ta haɗa aikinsu da namu, mu da muke koyar da kimiyya, irin su PC (fiziks da sinadarai) da SVT (ilimin halittu da na ƙasa), a kwaleji da lise?

Abin da jami'o'i suka fi sabawa da shi a ko'ina shi ne ranar buɗe ƙofa: a kwaso ɗalibai a mota, a zagaya da su ɗakin gwaje-gwaje, kowa ya leƙa mikroskop sau ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Ban raina wannan ba, domin akwai yaron da leƙawa ɗaya take sauya masa buri. Amma a ganina, idan ƙarfin jami'a kaɗan ne, to a kan malamai ya kamata ta kashe shi. Malamin da yake riƙe da aji huɗu, kowane aji da yara 70, duk abin da ya gane da kyau zai kai shi ga yara 280 a shekarar nan, ya sake kai shi ga wasu baɗi, har ya yi ritaya. Motar da ta ɗauko ɗalibai 60 kuwa, su 60 ɗin ne kawai suka gani. Ina neman ra'ayinku, musamman na waɗanda suke koyarwa a wajen gari.

Malamin jami'a, fannin sinadarai:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda da lissafinka, amma bari in faɗi abin da ke ɗaure mu, don kada a ɗauka girman kai ne. Ƙarin girman malamin jami'a a ƙasashenmu yana bi ne ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a takardun da mutum zai miƙa mata shi ne binciken da ya wallafa. Wanda ya kashe ranakun Asabar ɗinsa yana zama da malaman kwaleji ya yi aikin lada, sai dai abokinsa da ya kulle kansa yana rubutu zai riga shi hawa. Muddin aikin ya dogara ga kirkin mutum ɗaya, ranar da aka yi masa sauyin wuri ko ya tafi ƙaro ilimi, aikin ya mutu.

Akwai misalin da ya kamata mu duba. A Faransa, Georges Charpak, wanda ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 1992, shi da abokansa biyu, Pierre Léna da Yves Quéré, sun fara wani shiri mai suna La main à la pâte a tsakiyar shekarun 1990, domin yaran firamare su riƙa koyon kimiyya ta hanyar tambaya da gwaji da hannunsu. Da tafiya ta yi tafiya suka gane cewa malamin aji ne ginshiƙin abin, sai daga 2012 aka fara buɗe gidajen horar da malamai a cikin jami'o'i, inda mai bincike da gogaggen malamin aji suke tsara horon tare, su kuma gabatar da shi tare. Wannan haɗin na mutum biyu shi ne abin da nake ganin za mu iya ɗauka, ko da ba mu da kuɗinsu. Ni na san sinadarai, amma ban taɓa tsayawa gaban yara 80 ƴan shekara goma sha uku da ƙarfe goma sha biyu na rana a watan Afrilu ba, kuma idan na zo ni kaɗai, lacca zan yi muku irin wadda nake yi wa ɗalibaina.

Tsohon kwanseye, Zango:
Dakta, ka yi gaskiya, kuma ba sai mun je Faransa ba kafin mu sami abin koyi. Ƙanana a cikinku ba su riski shirin SMASSE ba, wanda ƙasar Japan ta tallafa wa. A Kenya ya fara a 1998, ya iso Nijar a 2006, kuma manufarsa ita ce malamin lissafi da na PC da na SVT ya daina cika allo yara suna kwafa, ya shigo da aiki da gwaji, ya kuma ƙera kayan aikinsa da abin da ke kusa da shi. Mutane da yawa sun amfana, har yau akwai waɗanda nake gane su da zarar na ga yadda suke shirya darasi.

Abin da shekarun da na yi ina kwanseye, wato mai ba malamai shawara kan koyarwa, suka nuna mini game da horon malamai gaba ɗaya shi ne wannan. Yawanci ana horar da ƴan kaɗan a babban birni, su zo su horar da na jaha, na jaha su horar da na gunduma, kuma a kowane mataki wani abu yana zubewa, har ya zama wanda ke can ƙarshe takarda kawai ya samu. Sannan akwai maganar kuɗin zama, wadda ba a so a faɗa a fili: idan horo ya zo da kuɗi, wani lokaci ba wanda ya fi buƙata ake aikawa ba, idan kuma ya zo babu kuɗi, ɗakin sai ya zama wayam. Na uku, kuma shi ya fi damuna, babu mai biyo malami ajinsa bayan wata biyu ya ga ko abin ya kama. Saboda haka shawarata ita ce kada jami'a ta ƙirƙiro wani sabon taro. Muna da UP a sakandare, inda malaman fanni ɗaya suke zama, muna da CAPED a firamare, inda malaman makarantun yanki ɗaya suke zama. Tsarin yana nan, abin zubawa a ciki ne yake ƙaranci, domin sau da yawa zaman yana ƙarewa a kan wa ya kai babi na nawa. Malamin jami'a ya shigo waɗannan zaman sau uku ko huɗu a shekara, da batu ɗaya tak kowane zuwa.

Malamar SVT, Magarya:
Baba Kwanseye, Allah ya ƙara girma. Ina goyon bayan a zo mana maimakon a kira mu, kuma ina da dalilin da maza ba su cika lura da shi ba. Horon mako guda a Damagaram lokacin hutu, ga malama mai goyo ko mai ƴaƴa ƙanana, abu ne da sai an yi shawara da gida gaba ɗaya, kuma sau da yawa amsar ita ce a'a. A haka ake wayar gari mata su ne suka fi kowa ƙarancin horo, alhali su ne ƴan matan aji suke kallo kafin su yanke shawarar shiga sashen kimiyya na lise, wato C ko D.

Game da abin da za a koya mana, ni ba na neman a nuna mini na'urar da ba zan sake gani ba. A bakin makarantarmu akwai gawo. Duk yaron da ke ajina ya san cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya tsiro da rani, ya kuma san cewa hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Manoman Magarya da Matamai da Mirriya sun yi suna a duniya saboda sassaben zamani, wato barin ƴan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona ana yi musu aski, har masu bincike suna ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar ya kai kadada miliyan 5. Littafinmu yana da darasi a kan yadda ƙwayoyin bakteriya da ke saiwar wake da gyaɗa suke kamo sinadarin azot daga iska, kuma gawo ɗan wannan dangin ne. Abin da nake so daga masanin tsirrai shi ne ya zauna da ni mu tsara yadda yara za su tono saiwar wake su ga ƙulle-ƙullen da idonsu, su auna tsawon hatsi a ƙarƙashin gawo da nesa da shi, su rubuta sakamakon yadda ya kamata, sannan ya gaya mini inda bayanin da na saba yi ya wuce gona da iri.

Malamin lissafi, tarminal, Sabon Gari:
Ku yi mini haƙuri, zan saɓa muku. A watan Yuni ko Yuli yaro zai zauna BEPC ko BAC da bik da takarda, kuma ba za a tambaye shi ko ya taɓa tono saiwar wake ba. Manhaja tana da tsawo, shekara ba ta cika farawa a kan lokaci ba, azuzuwan zana sai an girbe kara ake kafa su, ga ranakun da suke salwanta a tsakani. Gwajin da za a yi a aji mai yara 90 yana cin sa'a biyu, abin da zan bayyana a allo cikin minti ashirin. Idan sakamako ya fito da muni, iyaye da hukuma malami za su tuhuma, ba Dakta ba.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan waƙa ta kayan gida. Ina tsoron kada ta zama hanyar lallashinmu mu haƙura da talauci. Yaron wata ƙasa yana aiki da ma'auni na gaskiya, namu kuma a ce masa ya yi da gwangwani da roba har abada, a kuma yaba mana da dabara. Haƙƙin hukuma ne ta gina labo ta zuba kaya, kuma duk lokacin da muka nuna za mu iya ba tare da shi ba, mun rage mata nauyi.

Malamin PC, Birni:
Malam, maganarka ta biyu tana da ƙarfi, kuma ba na so a wuce ta da sauri. Neman labo wajibi ne, kada mu daina. Sai dai kowa a nan ya san makarantar da take da ɗakin gwaje-gwaje a kulle, kaya suna cikin kwali ƙura ta rufe su, domin wanda aka damƙa wa makulli bai taɓa riƙe su a lokacin karatunsa ba, yana kuma tsoron ya fasa a ce ya biya. Malamin da ya saba gwaji da kayan gida shi ne zai buɗe kwalin ranar da ya zo.

A kan maganar lokaci kuma, ba kowane darasi nake cewa a yi wa gwaji ba. Ɗauki babin asid da bas. Ruwan zoborodo ja ne, idan ka ɗiga masa lemun tsami sai jan ya ƙara haske, idan ka zuba masa ruwan kanwa ko ruwan toka sai ya juya ya yi duhu zuwa kore. Kofi biyar a kan tebur, minti goma, kuɗin bai kai jika guda ba. Yaron da ya ga wannan, ranar jarrabawa idan aka tambaye shi aikin sinadarin da ke nuna asid da bas ta sauyin launi, yana da abin da zai tuna ban da layin da ya haddace. Na lura cewa lokacin da nake ɓatawa wajen maimaita babin sau uku ya fi minti goman nan yawa.

Malamin jami'a, fannin sinadarai:
Ina ƙara wa Malam na Birni misali ɗaya, domin yana nuna inda jami'a za ta yi amfani da gaske. Majeman garin nan suna jima da bagaruwa, dukawa kuma suna baƙanta fata da kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. Abin da ke faruwa shi ne sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa yana haɗuwa da ƙarfen da ya narke a ruwa ya ba da baƙin launi, kuma irin wannan haɗin ne aka yi ɗaruruwan shekaru ana yin tawada da shi a Turai da ƙasashen Larabawa. Malamin kwaleji zai iya nuna shi a aji, amma yana buƙatar wanda zai tabbatar masa da bayanin, ya gaya masa gwargwadon da zai zuba, ya kuma gargaɗe shi a kan abin da bai kamata yara su taɓa ba. Haka batun matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem. Yaranmu suna ganin tankokinta suna wucewa kullum, kuma babin rarrabe ruwaye ta hanyar tafasa su shi ne ainihin abin da ake yi a can, inda gas da esans da gazuwal kowanne yake fita a zafinsa. Haka ma ƙarancin ruwan Damagaram: garin yana zaune a kan dutsen giranit wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsaguwarsa, shi ya sa ake janyo shi daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Gora uku na roba, ɗaya da yashi, ɗaya da yumɓu, ɗaya da tsakuwa, da agogon salula, sun isa yaro ya fahimci dalilin da famfon gidansu yake kwana ba ruwa.

Ɗan kwantaragi, Gure:
Manyana, ina gaishe ku. Ku duka kuna magana a kan yadda za a koyar, ni kuwa matsalata tana gaba da wannan. Da yawa daga cikinmu ba mu bi ta ENS ta Yamai, makarantar horar da malaman sakandare, ba, an ɗauke mu ne da takardar da muke da ita, kuma a kwalejin ƙauye mutum ɗaya yakan riƙe lissafi da PC, wani lokaci har da SVT, saboda babu wani. Akwai babin da nake karantawa da dare in koyar da safe. Abin da nake buƙata daga jami'a shi ne ilimin kansa: a zaunar da ni a warware mini babin lantarki da na haske tun daga tushe, a bar ni in yi tambayar da nake jin kunyar yi a gaban abokan aiki.

Sannan a sani cewa tun jarrabawar tantance ƴan kwantaragin firamare ta 2017, wadda ta raba mutane da yawa da aikinsu, duk lokacin da aka ce za a zo a ga yadda malami yake koyarwa, gabansa faɗuwa yake yi. Idan malamin jami'a zai shigo ajina, ina so a faɗa tun farko, a rubuce, cewa abin da ya gani ba zai shiga takarduna ba. In ba haka ba, darasin da na fi iyawa zan shirya masa, ya tafi yana yabo, ni kuma in zauna da jahilcina.

Tsohon kwanseye, Zango:
Ɗana, wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi tun da aka fara. Mai horarwa daban, mai ba da maki daban, kuma ranar da aka haɗa su a jikin mutum ɗaya malamai sun daina faɗin gaskiya. A nan jami'a ta fi mu dama, domin ba ta da hannu a albashin kowa. Ina ƙara da cewa ya kamata horon ya ƙare da takardar shaida wadda ma'aikatar ilimi ta amince da ita, don wahalar mutum ta zama tana da amfani a aikinsa.

Malamin tarihi da labarin ƙasa, Tanut:
Ko da yake ba fannina ba ne kai tsaye, ina da shawarar aikin da za a fara da shi, wanda ba ya buƙatar izinin kashe ko dala. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, Eratosthenes ya auna kewayen duniya daga Masar, da ya lura cewa ranar da rana take tsaka ba inuwa a Aswan, a Iskandariya inuwa tana karkata da kimanin digiri 7. Damagaram tana kan digiri 13.8 arewa, saboda haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana bi ta kanmu daidai, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa. Agadas tana kusa da digiri 17. Idan aji ɗaya a nan da aji ɗaya a can suka auna a rana guda suka yi musayar sakamako ta WhatsApp, za su sami bambancin digiri 3 da ɗan kai, tazarar arewa da kudu kuma kimanin kilomita 350 ce, lissafin zai kai su kusa da kilomita 40,000. Malamin lissafi ya sami kusurwa da tanjant, na PC ya sami tafiyar haske, ni na sami layukan taswira. Ba zai zama baƙon abu ba a ƙasar Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken makamashin rana, har aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992.

Malamin lissafi, tarminal, Sabon Gari:
Wannan ya burge ni, domin yana cikin manhaja kuma ba ya cin mako guda. Amma a yi hattara da abu uku. Sanda mai tsawon mita ɗaya inuwar da za ta bayar a Agadas ranar nan santimita 5 da rabi ce kawai, don haka karkacewa kaɗan ta isa ta ɓata sakamakon. A yi amfani da mai mita biyu, a daidaita ta da zare mai dutse a ƙasa irin na magina, a kan daɓe shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari. Na biyu, tsakar rana a Damagaram ba ƙarfe 12 na agogo ba ce, tana zuwa ne bayan minti ashirin da ɗoriya, a Agadas kuma ta ƙara jinkiri da minti huɗu, saboda haka kowane aji ya riƙa sa alama duk minti biyar ya ɗauki inuwar da ta fi gajarta. Na uku, kada a ba yara nisan hanyar mota, wanda ya zarce kilomita 400, a sa su ciro tazarar daga ma'aunin taswira. Aikin Dakta da abokansa a nan shi ne su koya wa malamai yadda ake ƙiyasta kuskuren awo, domin ajin da ya sami 36,000 ko 44,000 bai faɗi ba, kuma malamin da bai san haka ba zai goge sakamakon yara ya rubuta musu na littafi.

Malamar SVT, Magarya:
A sa Magarya a ciki, domin muna kudu da Damagaram, ranar nan inuwarmu kudu za ta faɗi yayin da ta Agadas take faɗuwa arewa, kuma wannan kaɗai darasi ne. Sai dai ƙarshen Afrilu lokacin jarrabawar gwaji ne ga masu BEPC da BAC, babu shugaban makarantar da zai ba da su. A ɗauki ajin katiriyam, wato aji na uku a kwaleji, da na sagwand, wato aji na farko a lise. Zaman shiri da malamai kuma ya kamata a yi shi tun watan Fabrairu a cikin UP na kowane gari, a gwada awon a ranar da inuwa take da tsawo, kafin zafi ya yi tsanani. Dakta, idan kai ko wani daga sashen fiziks zai iya zuwa Magarya ranar wata Asabar, masauki da abinci muna iya ɗauka, kuɗin mota ne ya kamata a san wanda zai biya tun yanzu.